Duane Allman: makaɗin da ya sa jita ta yi magana da kwalbar magani

Duane Allman makaɗin jita ne ɗan Amurka. An haife shi a birnin Nashville na jihar Tennessee ranar 20 ga Nuwamba 1946, ya rasu a hatsarin babur a garin Macon na jihar Jojiya ranar 29 ga Oktoba 1971, saura mako uku ya cika shekara 25. Shi ne ya kafa ƙungiyar The Allman Brothers Band, shi ne kuma abokin kiɗan Eric Clapton a faifan Layla. Kusan duk abin da ake tuna shi da shi ya yi shi ne cikin shekara uku, daga ƙarshen 1968 zuwa ranar da ya mutu. Duk da haka, da mujallar Rolling Stone ta jera manyan makaɗan jita ɗari a 2003, shi ta sa na biyu, Jimi Hendrix kaɗai ke gabansa.

Salon da ya yi suna da shi shi ne kiɗan zamiya, inda makaɗi ke zura yatsa cikin kwalba ko guntun bututun ƙarfe, ya riƙa zamar da ita a kan tsirkiya maimakon ya danne. Gadon dabarar ya yi daga baƙaƙen fatar kudancin Amurka, waɗanda suka yi fiye da shekara sittin suna yin ta kafin ya fara. Masu bincike kuma sun bi sawunta har zuwa yankin da ya haɗa Gabon da kudancin Kamaru.

Yadda kwalba ke aiki

A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da aka gitta. Duk inda makaɗi ya danne, sauti ɗaya tsayayye ne zai fito, daga shi sai na gaba, kamar mai hawa matakala. Muryar mutum kuwa jan sauti take yi, ta lanƙwasa shi, ta ratsa tsakanin matakala biyu. Wanda ya taso yana jin goge ko kukumar Garba Supa da Hassan Wayam ya san wannan a kunnensa. Mai goge taɓa tsirkiyar izga kawai yake yi da yatsu, ba ya danne ta a jikin sanda, shi ya sa goge ke bin muryar mawaƙi har a ce magana yake. Kwalba ce ke ba mai jita irin wannan dama. Tana tafiya a saman tsirkiya ba ta taɓa ƙarafan ba, sauti ya hau ya sauka ba tare da ya yanke ba.

Wahalar ita ce babu abin da ke nuna wa makaɗi inda zai tsaya sai kunnensa. In ya zarce da ɗan kaɗan, kiɗa ya lalace. Sannan kwalba tana taɓa tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, waɗanda ba a so su ma su yi ƙara. Allman yana sa kwalbar a yatsan zobe na hannun hagu. In zai yi zamiya yakan ajiye ɗan robar da ake kaɗa jita da shi, ya yi amfani da yatsun dama, ɗaya yana fizgar tsirkiyar da ake so, sauran suna kwance a kan 'yan uwanta suna kashe musu murya. Yakan kuma sake ɗaurin tsirkiyoyi shida, ɗaurin da makaɗa ke kira buɗaɗɗen E, ta yadda ko ba a danne ko ɗaya ba, in aka kaɗa su tare sautinsu zai dace. Da jitar Gibson da amfilifayar Marshall, sauti ɗaya yakan daɗe yana rawa a iska kamar na mai busa. Masu busa hamonika na Chicago, irin su Little Walter da Sonny Boy Williamson, suna cikin waɗanda yake kwaikwayo, kuma ana jin haka a yadda yake yanka jimlolinsa da numfashi.

Inda dabarar ta fito

Tsohon bayanin da aka fi ambata na W. C. Handy ne, mawallafin kiɗa baƙar fata, wanda ya ce a wajajen 1903 ya ga wani mutum a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler a jihar Misisipi yana waƙa yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin jita. A 1923 Sylvester Weaver ya fitar da faifan farko na wannan salo. Bayansa aka yi Blind Willie Johnson, Son House, Muddy Waters, da Elmore James, wanda "Dust My Broom" ɗinsa na 1951 ya zama abin da kowane mai koyon zamiya ke fara gwadawa.

Rafi biyu ne suka haɗu a nan. Ɗaya daga tsibirin Hawayi ya zo, inda Joseph Kekuku da makaɗan bayansa ke kwantar da jita a cinya suna zamar da ƙarfe, salon da ya mamaye Amurka a farkon ƙarni na 20. Ɗayan kuma kayan wasan yara ne. A ƙauyukan Misisipi yaran baƙaƙen fata sukan miƙe waya ɗaya a jikin bangon katako, su ɗame ta da dutse ko kwalba, hannu ɗaya yana bugu, ɗaya yana zamar da wata kwalbar. Elmore James a kan irin wannan waya ya fara.

Masanin kiɗa David Evans, da bayansa Gerhard Kubik ɗan ƙasar Ostiriya a littafinsa Africa and the Blues na 1999, sun danganta wannan waya da wani kayan kiɗan yara na yankin tukurwa, wato kudu maso gabashin Najeriya, kudancin Kamaru, Gabon, Kwango-Brazzaville da kudu maso yammacin Afirka ta Tsakiya. Ana ɗaukar gwangwala, a ɓare siririn zare daga jikinta ba tare da an tsinke shi ba, a ɗaga shi da 'yan itace. Yaro ɗaya yana bugun zaren da sanduna, ɗaya yana zamar da ƙoƙo ko gwangwani a kai yana sauya sauti. Bahaushen Libreville ko Oyem ko Bitam da ya taɓa ganin mai kaɗa mongongo, bakan da ake sa wa baki a bukukuwan Bwiti, ya ga dangin wannan tunani: tsirkiya ɗaya, sanda tana bugu, wani abu kuma yana taɓa ta don sautin ya canza.

Kubik bai tsaya a daji ba. Ya ce yadda ake rera buluz ɗin Misisipi, mutum ɗaya da kayan kiɗansa, murya mai kaushi tana jan kalma tana lanƙwasa ta, ya fi kama da waƙar yankin Sudan ta yamma da ta tsakiya. Cikin misalan da ya kafa hujja da su har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauki muryarsa a Kamaru a 1964. Wannan hujja ce ta kamanni, ba takardar gado ba, domin bayin da aka kwashe ba su bar rubutaccen tarihin kiɗansu ba. Amma kamannin yana da ƙarfi, kuma yana bayyana abin da ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin buluz a matsayin baƙo.

Tasowarsa

Duane yana da shekara uku aka kashe mahaifinsa, Willis Allman, hafsan soja, a Disamba 1949 a jihar Virginia. Wani mutum da ya rage wa hanya ne ya harbe shi don ya yi masa fashi. Mahaifiyarsu Geraldine ta rene shi da ƙanensa Gregg ita kaɗai, ta sa su makarantar kwana ta soja, daga baya suka koma Daytona Beach a jihar Florida. Gregg ne ya fara sayen jita, wa ya ƙwace ya wuce shi. Sun yi ƙungiyar Allman Joys, sannan Hour Glass, wadda kamfanin Liberty ya kai Los Angeles ya fitar mata da faifai biyu a 1967 da 1968. Kamfanin ne ke zaɓar waƙoƙin da salon, faifan ba su sayu ba, Duane ya koma kudu ransa a ɓace.

A waɗannan shekarun ne ya fara zamiya. Kamar yadda Gregg ya sha ba da labari, Duane yana kwance da mura da ciwon gwiwar hannu bayan ya faɗo daga doki, sai Gregg ya ajiye masa a bakin ƙofa faifan farko na mawaƙi Taj Mahal da kwalbar maganin mura mai suna Coricidin. Duane ya zubar da ƙwayoyin, ya wanke takardar jikin kwalbar, ya zauna yana bin waƙar "Statesboro Blues" inda Jesse Ed Davis ke zamiya. Irin wannan kwalba ya riƙe har mutuwarsa. An daɗe da daina sayar da maganin a cikinta, amma kamfanonin kayan kiɗa har yanzu suna ƙera masu siffarta.

A ƙarshen 1968 Rick Hall ya ɗauke shi aiki a situdiyonsa na FAME a Muscle Shoals, jihar Alabama, inda fararen makaɗa ke raka manyan mawaƙa baƙaƙe. A nan ya shawo kan Wilson Pickett ya rera "Hey Jude" ta Beatles. Waɗanda suka yi aiki a wurin sun ce sauran makaɗan sun fita cin abinci ne aka bar su biyu, domin baƙar fata da Bature mai doguwar suma ba za su zauna lafiya a gidan abinci ɗaya a Alabama ta lokacin ba. Kiɗan da Duane ya yi a ƙarshen waƙar shi ya kai sunansa kunnen Jerry Wexler na kamfanin Atlantic da Eric Clapton. Daga nan ya yi aiki da Aretha Franklin a "The Weight", da mai busa saksofon King Curtis, da Clarence Carter, da Boz Scaggs a "Loan Me a Dime". Laƙabinsa, Skydog, rabinsa daga bakin Pickett ya fito.

Ƙungiyar da faifan Fillmore

A Maris 1969 ya haɗa mutum shida a Jacksonville: shi da Dickey Betts a jita, Berry Oakley a jitar bas, Gregg a murya da ogan, da makaɗan ganga biyu, Butch Trucks da Jai Johanny Johanson, wanda ake kira Jaimoe. Jaimoe baƙar fata ne, ya taɓa yi wa Otis Redding kiɗa, kuma shi Duane ya fara ɗauka. Shekara ɗaya ke nan da kashe Martin Luther King, don haka yawo a kudancin Amurka cikin mota ɗaya da baƙar fata ba ƙaramin abu ba ne. Suka zauna a Macon ƙarƙashin kamfanin Capricorn na Phil Walden. Lokacin da ba su da ko sisi, wata baƙar mata mai gidan abinci, Mama Louise Hudson ta H&H, ita ke ciyar da su bashi.

Jaimoe ne ya ja su zuwa ga jaz, musamman faifan Kind of Blue na Miles Davis da kiɗan John Coltrane. Daga nan suka ɗauko al'adar tsayawa a kan ginshiƙi ɗaya na tsawon lokaci kowa yana saƙa nasa a kai, maimakon gajerun waƙoƙin rediyo. Duane da Betts kuma sukan kaɗa jimla ɗaya tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar tagwayen algaita.

Faifansu biyu na farko, na 1969 da Idlewild South na 1970, ba su yi kasuwa sosai ba. A dandali ƙarfinsu yake, a 1970 kaɗai sun yi wasa kusan sau 300. Shi ya sa suka ɗauki faifai na uku a gaban jama'a, a zauren Fillmore East na New York, ranakun 12 da 13 ga Maris 1971, Tom Dowd yana kula da ɗaukar. Waƙa bakwai ce kawai a fayafai biyu. "Whipping Post" ita kaɗai ta cinye fuska guda, kusan minti 23. Wanda bai taɓa jin Allman ba, daƙiƙun farko na "Statesboro Blues" a wannan faifai sun ishe shi ya gane abin da ake nufi da kwalba tana amsa wa mawaƙi: Gregg ya rera layi, jita ta mayar masa. Faifan ya fito a Yuli 1971, ya kai na 13 a jerin Billboard. A 2004 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin fayafan da ake adanawa don tarihi.

Layla

A Agusta 1970 Clapton yana situdiyon Criteria a Miami da ƙungiyarsa Derek and the Dominos, aiki ya ƙi tafiya. Tom Dowd ya kai shi kallon wasan Allman Brothers, daga nan aka wuce situdiyo tare. Duane ya yi kiɗa a waƙa 11 cikin 14 na faifan. Sunan babbar waƙar ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa: daga labarin Laila da Majnun aka ɗauko shi, kamar yadda sha'irin Farisa Nizami ya tsara a ƙarni na 12. Clapton ya ga kansa a labarin saboda son da yake wa Pattie Boyd, matar abokinsa George Harrison. Duane ake ba wa jimlar jitar da ke buɗe waƙar, shi ne kuma ke zamiya can ƙololuwa, a wurin da ƙarafan wuyan jita suka ƙare, har sautin ya koma kamar kukan tsuntsu. Clapton ya nemi ya zauna da su, ya ƙi, ya koma wa ƙungiyarsa. Waƙar ba ta yi tashe ba sai a 1972.

Mutuwarsa

Ƙungiyar ta shiga shaye-shaye sosai, har a Oktoba 1971 Duane da Oakley suka kwanta asibiti a Buffalo don rabuwa da hodar heroyin. Bai daɗe da dawowa Macon ba, yana gudu a kan Harley-Davidson, sai wata babbar motar ɗaukar kaya ta tsaya masa a mahaɗar titin Hillcrest da Bartlett. Ya kauce bai tsira ba, babur ya faɗo masa, ya cika a asibiti bayan 'yan sa'o'i. Wata biyu da rabi kafin nan ya halarci jana'izar King Curtis. Ranar 11 ga Nuwamba 1972 Berry Oakley ya yi karo da bas a kan babur, layi uku daga wurin, shi ma yana da shekara 24. Kabarinsu yana jere a maƙabartar Rose Hill.

Faifan Eat a Peach na Fabrairu 1972 ya ƙunshi aikinsa na ƙarshe, har da "Little Martha", ɗan gajeren kiɗa marar waƙa, wanda shi kaɗai ne a fayafan ƙungiyar ke ɗauke da sunan Duane shi kaɗai a matsayin mawallafi.

Magada, da waɗanda ake bi bashi

Bayansa aka sa wa salon ƙungiyoyin kudu suna, rok ɗin kudu, Lynyrd Skynyrd suka zama fuskarsa, kuma sukan sadaukar masa da "Free Bird" a dandali. Sai dai wasu ƙungiyoyin sun riƙa rataya tutar tsoffin jihohin da suka yi yaƙi don kare bauta, abin da bai dace da ƙungiyar da aka fara ginawa a kan Jaimoe ba.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Waƙa huɗu cikin bakwai na faifan Fillmore na baƙaƙen mawaƙa ne: Blind Willie McTell, Elmore James, T-Bone Walker da Willie Cobbs. McTell, wanda ya ɗauki "Statesboro Blues" a 1928, ya yi yawancin rayuwarsa yana kiɗa a titunan Atlanta ana jefa masa kwabbai, ya rasu a 1959 a Milledgeville, kimanin kilomita 50 daga Macon. Elmore James ya rasu a 1963 yana da shekara 45. Babu wanda ya ga zauren da ya cika don waƙarsa. A faifan ana jin Duane yana faɗa wa jama'a sunan Elmore James da na T-Bone Walker kafin a fara waƙoƙinsu, kuma wannan ya sa matasa da yawa suka je neman tsoffin fayafan. Adalci ne a faɗi haka. Adalci ne kuma a faɗi cewa jitarsa ɗaya, Les Paul ta 1957, an sayar da ita dala miliyan 1.25 a gwanjo a 2019, kuɗin da McTell bai taɓa gani ba.

Cikin magadansa na kai tsaye akwai Warren Haynes, wanda ya shiga ƙungiyar a 1989, da Derek Trucks, ɗan ɗan'uwan Butch Trucks, wanda aka haifa a 1979 ya shiga a 1999. Trucks ya riƙe ɗaurin tsirkiya irin na Duane da kiɗa da yatsu, amma ya kai kwalba inda Duane bai kai ba. Ya koyi kiɗan arewacin Indiya, ya kaɗa ƙawwalin Nusrat Fateh Ali Khan a faifansa Songlines na 2006, kuma a 2022 ƙungiyarsa da matarsa Susan Tedeschi ta fitar da I Am the Moon, wanda aka gina a kan labarin Nizami. Ga masu sauraro a yammacin Afirka, inda zaren ya fi fitowa fili shi ne 2011, lokacin da Trucks ya yi zamiya a waƙar "Aigna" ta Vieux Farka Touré ɗan Mali. Mahaifin Vieux, Ali Farka Touré, wanda shi kansa mai kaɗa njarka ne, wato gogen Songhai, ya riga ya yi faifan Talking Timbuktu a 1994 da wani gwanin zamiya, Ry Cooder.

Kada a ɗora wa Allman abin da ba nasa ba. Makaɗan jitar Agadas ba ta hannunsa suka bi ba. Bombino, wanda ya ɗauki faifansa Nomad na 2013 a Nashville, garin da aka haifi Duane, Hendrix da Mark Knopfler yake ambata, kuma da yatsu ake lanƙwasa sauti a salon Abzinawa, ba da kwalba ba.

An shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1995. Gidan da suka zauna a Macon, Big House, ya zama gidan tarihi a 2009. A 2013 aka tattara kiɗan Duane guda 129 a fayafai bakwai mai suna Skydog, 'yarsa Galadrielle kuma, wadda take da shekara biyu lokacin da ya rasu, ta rubuta littafi a kansa a 2014. Wasan ƙarshe na ƙungiyar an fara shi ranar 28 ga Oktoba 2014 a zauren Beacon na New York, aka ja shi har bayan tsakar dare, ya shiga ranar 29. Butch Trucks da Gregg sun rasu a 2017, Dickey Betts a Afrilu 2024, ya rage Jaimoe kaɗai cikin mutum shidan farko.